Tarihin Dokar Ƙwace Dukiyar Haram a Najeriya

A Najeriya, ƙwace dukiyar da aka tara ta hanyar aikata laifi ya soma ne da umarnin soja kafin ya koma hannun alƙali. A 1975, bayan hamɓarar da Janar Yakubu Gowon, gwamnatin Murtala Muhammad ta binciki gwamnonin jihohi 12, ta samu 10 da laifi, ta karɓe kadarorinsu. A 1984 Janar Muhammadu Buhari ya kafa kotunan soja na musamman don ƙwato dukiyar jama'a. Talaka ya yi murna, amma matakan ba su da saiwa, domin abin da wani soja ya ƙwace da sa hannu, wani sojan na iya mayarwa da sa hannu, kuma a zamanin Janar Babangida an mayar wa wasu nasu.

Rasuwar Janar Sani Abacha a 1998 ce ta tona asirin tsarin. Ba a gurfanar da mamaci, ga kuɗin da ya wawure kuma jibge a bankunan Turai. An shafe shekaru ana jeka-ka-dawo kafin Suwizalan ta yarda a 2017 ta dawo da dala miliyan 321, sannan a 2020 aka karɓo fiye da miliyan 300 daga tsibirin Jersey da Amurka. Amsar matsalar ƙwace dukiya ba tare da gurfanar da mai ita ba tana cikin sashe na 17 na dokar yaƙi da damfara ta 2006, wanda ya halatta a kai ƙarar dukiyar ita kanta. Hukumar EFCC kan nemi kotu ta riƙe kadarar na wucin gadi, a buga sanarwa a jarida, mai ita ya zo ya nuna inda ya samo ta. In bai gamsar ba, ta zama ta gwamnati. Ta haka aka mallaka wa gwamnati dala miliyan 43 da aka tsinta a wani gida a Ikoyi a 2017.

Masu suka na cewa wannan ya ci karo da sashe na 36 na tsarin mulki, wanda ya ɗauki kowa marar laifi har sai an tabbatar. Kotun Ƙoli ta ƙi wannan hujja a 2019 a shari'ar Patience Jonathan, matar tsohon shugaban ƙasa, kuma kotun tana da gaskiya: ba a ɗaure kowa, kuma sai hukuma ta fara kawo dalilin zargi. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta rashin takarda. Dillalin shanu ko ɗan kasuwar Kantin Kwari na iya juya miliyoyi na halak ba tare da rasit ko ɗaya ba. Wannan dalili ne na alƙali ya saurari shaidu ya kuma yi hattara da zargin da siyasa ta haifa, amma bai kai a soke dokar ba, don wanda ya fi cin moriyar sokewar shi ne ma'aikacin da albashinsa sananne ne amma gidajensa ba su ƙirguwa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan ƙwacewa: motoci na ruɓewa a harabar hukumomi, gidaje na lalacewa. Don magance haka, dokar da Buhari, a matsayin shugaban farar hula, ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta tanadi asusu na musamman a Babban Banki da ƙa'idojin adana kadarori da sayar da su. A Disambar 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a Lokogoma, Abuja, ƙwace mafi girma da EFCC ta ce ta taɓa yi zuwa lokacin.