Ina kurmin da ke cikin Kasuwar Kurmi?

Jiya da hantsi na shiga Kasuwar Kurmi da yarona, za mu sayo masa sabon allo. Rana ta take, ga cunkoso, ga kwano ya ɗau zafi kamar tanda. Muna cikin ratsa lungu sai ya ja rigata ya ce, "Baba, wai ina kurmin yake?" Na yi dariya, mai allon ma ya yi dariya. Amma wallahi har muka dawo gida tambayar nan ba ta bar ni ba.

Kurmi dai a Hausa shi ne daji mai duhuwa, inda itatuwa suka haɗe a bakin ruwa. Kuma sunan ba a banza ya zo ba. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin wani kurmi da ake kira Jakara, ko Kurmin Baƙin Ruwa, tun zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda. Mutanen wancan lokaci sun ɗauka cewa idan masifa ta doso ƙasa, daga kurmin nan ake fara jin alama, sai a yi yanka. Shi kansa wurin bautar Tsumburbura, bishiya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. To wa zai ɗauki gatari ya nufi irin wannan wuri?

Daga baya Musulunci ya kafu. A zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo, kuma kundin ya nuna a gindin bishiyar aka fara kafa masallaci, ba a sare ta ba. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka sare ta bisa shawarar babban malamin da ya sauka a Kano, aka gina hasumiya a gurbinta. Shi dai Rumfa ɗin ne ya kafa kasuwar nan a gefen Jakara, ta gaji sunan kurmin. Yau fiye da shekara 500 ke nan.

Kafin wani ya yi mini mummunar fahimta: ba kewar tsafi nake yi ba, Allah Ya kiyaye. Bishiyar da ake yi wa yanka, sare ta daidai ne, kuma mun gode wa Allah da ni'imar Musulunci. Abin da nake so mu lura da shi daban ne. Bishiya ɗaya aka sare saboda aƙida. Sauran dubban da suka ɓace daga baya, ba aƙida ce ta cinye su ba. Mu ne, da gatarinmu da murhunmu da filotanmu.

Ku dubi sunayen unguwanninmu mana. Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa, Kukar Bulukiya, Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Tsamiyar Boka, Rimin Kebe. Kakanninmu da bishiya suke yin kwatance, a gindinta ake zaman hira da cinikin yamma da karatun allo. Yanzu ka je da yawa daga cikin wuraren nan ka nemi bishiyar, sai dai a nuna maka shago. Jakara kuwa, wadda ake jin tsoron ruwanta, ta koma magudanar ƙazanta da leda.

Muna yara, kakata ba ta yarda mu je gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana ko da magariba, wai akwai mutanen ɓoye. Mai faskare ma ba ya taɓa tsohuwar kuka kai tsaye. Ko me mutum zai ce game da wannan camfi, ya tsare bishiyoyi masu yawa. A karkara kuma akwai doka ta al'ada: ɗorawa da kaɗanya suna da masu su, ba a sare su don an ga dama. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya sa wa duk wanda ya sare gawo, saboda manomi ya san gawo na zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki.

Ba mu kaɗai ba ne. A Habasha, mutanen Kimant na yankin Gondar a cikin kurmi suke ibadarsu ta gargajiya, shi ya sa ba a sare itatuwan wurin. A Osogbo, kurmin Osun ya tsira har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Su tsoron abin bauta ne ya tsare musu. Mu kuwa an ba mu dalilin da ya fi wannan ƙarfi: an karantar da mu cewa duk wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Mun yar da tsoron aljani, madalla. Amma ina kwaɗayin ladan?

Abin da ya fi ba ni mamaki jiya shi ne, kasuwar har gobe itace take ci. Allon da na saya, na aduwa ne. Tawadar da yaron zai yi rubutu da ita, sai da ƙaro. Fatar da dukawa ke ɗinkawa, da bagaruwa aka jeme ta. Turmi daga ƙirya, daddawa daga kalwar ɗorawa, ga garin kuka, ga tsamiya, ga man kaɗanya, ga sassaƙe da saiwoyin masu maganin gargajiya. Mai allon ya ce mini da can a kusa ake samo icen, yanzu sai an yi nisa, shi ya sa kuɗin ya hau. Ranar da itatuwan nan suka ƙare, sana'o'i nawa za su bi su?

Kuma gyara ba gagara ya yi ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi tun wajen 1983 suka kama abin da suke kira sassabin zamani: idan ana sharar gona, maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a rage sauran, a bar shi ya girma. Da wannan dabara miliyoyin itatuwa suka dawo gonakin Nijar. Mu a nan kowace damina sai a yi bikin dashe, a ɗau hoto, a watse, awaki su ƙarasa aikin.

Ni dai ga ɗan abin da na ɗaukar wa kaina. Daminar bana zan dasa durumi ɗaya a ƙofar gidanmu, in kewaye shi, in ɗora wa yaron nan alhakin ba shi ruwa. Masu unguwanni da kwamitocin masallatai da shugabannin kasuwa, duk unguwar da ke ɗauke da sunan bishiya, me zai hana a mayar mata da bishiyarta?

Ku faɗa mini, a unguwarku wace bishiya ce ta bar suna ta tafi? Akwai wanda ya riske ta a tsaye?

Allah Ya ba mu damina mai albarka.