Jojiya 2022: Dokar Da Ta Juya Wa Masu Ita Baya

Yau za mu leƙa Amurka, jihar Jojiya, mu duba zaɓen rabin wa'adi na 2022. Shi ne zaɓen da ake yi bayan shugaban ƙasa ya cinye shekara biyu a kan mulki, inda ake zaɓar 'yan majalisar tarayya da gwamnonin jihohi da dama.

Me ya sa na ɗauko Jojiya? Saboda a can ƙuri'a ɗaya ma ba abin wasa ba ce. A 2020 Joe Biden ya cinye jihar da tazarar ƙuri'a 11,779 kacal.

Ran 8 ga Nuwamba 2022, Gwamna Brian Kemp na jam'iyyar Rifablikan ya kayar da Stacey Abrams ta Dimokurat cikin sauƙi. Amma a kujerar sanata labari ya sha bamban. Herschel Walker, tsohon ɗan wasan da Donald Trump ya goya wa baya, ya samu ƙuri'u ƙasa da na Kemp da kusan 200,000. Ka ga ke nan akwai dubban mutanen da suka dangwala wa gwamna, da suka zo kan sanata suka ce a'a, wannan kam ba da mu ba. Raphael Warnock na Dimokurat ya zo kan gaba da kashi 49.4, amma a dokar Jojiya sai ka haura kashi 50. Dole aka tafi zagaye na biyu.

To daga ina wannan doka ta fito? A 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wani tsohon tsarin zaɓen jihar, wanda ke fifita ƙuri'ar yankunan karkara a kan ta birane irin su Atlanta, inda baƙar fata ke da yawa. Sai wani ɗan majalisar jiha, Denmark Groover, mai ra'ayin wariyar launin fata, ya tsaya kai da fata a kan dokar zagaye na biyu, aka amince da ita a 1964. Lissafin a fili yake: ko baƙar fata sun haɗa kai a zagayen farko, turawa za su dunƙule a na biyu su kayar da ɗan takararsu.

Amma ka ji yadda reshe ya juye da mujiya. Ta wannan zagaye na biyun Warnock, limamin cocin Ebenezer inda Martin Luther King ya yi wa'azi, ya zama baƙar fata na farko da Jojiya ta tura majalisar dattawa, a Janairun 2021. Ran 6 ga Disamba 2022 kuma ya maimaita da kashi 51.4, duk da wata dokar 2021 ta rage lokacin shirin zagaye na biyu daga mako tara zuwa huɗu.

Ni a ganina, ba sa'a ba ce. Shekaru aka kwashe ƙungiyoyi suna bi gida-gida suna yi wa mutane rajista, suna kuma fito da su karo na biyu, lokacin da kowa ya gaji. Groover ya yi lissafinsa da masu zaɓen zamaninsa, bai lissafa da waɗanda za a yi wa rajista daga baya ba.

Ku ajiye mana ra'ayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.