Ƴar kujerar ɗora ƙafa ta gwangwanaye bakwai

A kowane gida ana samun gwangwani: na madarar gari, na tumatir, na kofi. Idan abin da ke ciki ya ƙare, mafi yawa a kan juji ko a lungu ake jefar da shi. Can yakan yi tsatsa, ya yanke ƙafafun yara da na dabbobi. Da damina kuma ruwa ya kwanta a cikinsa, sauro ya samu wurin yin ƙwai. Alhali kuwa gwangwanaye bakwai masu girma ɗaya, idan aka ɗaure su tare, aka yi musu riga, sukan zama ƴar kujera mai ƙarfi da kyan gani. Ana ɗora ƙafa a kanta, yaro kuma yana iya zama bisa.

Asalin wannan sana'a

A shekarar 1810 ne wani Bature mai suna Peter Durand ya samu takardar mallakar dubarar adana abinci cikin gwangwani a ƙasar Ingila. Gwangwanin abinci ƙarfe ne marar kauri wanda aka shafe da kuza don kada ya yi saurin tsatsa.

Ita kuwa kujerar gwangwani, a ƙasar Amurka ta yi suna cikin ƙarni na 20. Matan gida sukan tara manyan gwangwanayen ruwan ƴaƴan itace, masu faɗin kusan santimita 11 da tsawon kusan santimita 18. Sai su lulluɓe su da ragowar yadi ko tsofaffin tufafi. Aikin ba ya neman keken ɗinki, ba ya neman wutar lantarki. Don haka ana iya yin sa a duk inda ake samun gwangwani da allura.

A ƙasarmu sake sarrafa tsohon ƙarfe ba baƙon abu ba ne. A kasuwar Katako ta Yamai, maƙera suna narkar da alminiyam su yi tukwane, suna kuma mayar da tsohon kwano kayan amfanin gida.

Mi ya sa bakwai?

Idan aka ajiye gwangwani ɗaya a tsakiya, shida masu girmansa ne za su kewaye shi daidai, kowanne yana taɓa na kusa da shi. Biyar za su bar giɓi, bakwai ba za su samu wuri ba. Shida da na tsakiya, bakwai ke nan. Siffarsu takan yi kamar fure.

Gwangwani yana da ƙarfi idan yana tsaye, nauyi ya sauka daga bisa zuwa ƙasa. Idan sun yi bakwai, sukan raba nauyin tsakaninsu. Amma gwangwanin da ya loɓa a gefe ya rasa ƙarfinsa. Idan ɗaya kuma ya fi sauran tsawo, shi kaɗai zai ɗauki nauyin, kujera ta riƙa rawa. Saboda haka asirin aikin yana ga zaɓen gwangwani.

Gwangwanin da ya dace da wanda bai dace ba

Ya dace: gwangwanin madarar gari, babban gwangwanin tumatir, da na kofi. Dukansu bakwai su zama iri ɗaya, faɗi ɗaya, tsawo ɗaya, babu loɓawa, babu tsatsa.

Bai dace ba: gwangwanin lemu na alminiyam, domin ba shi da kauri, nan da nan yake murƙushewa. Ana gane bambancin da maganaɗisu: yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyam.

Haramun ne ga wannan aiki: gwangwanin maganin ƙwari na gona, da na maganin ciyawa, da na maganin ɓera. Wanki ba ya fitar da gubarsu gaba ɗaya, kuma tana shiga jiki ta fata. Kujerar nan a ɗaka take zama, yara suna wasa da ita. Duk gwangwanin da ba a san abin da aka taɓa zubawa a cikinsa ba, a bar shi.

Kayan aiki

- Gwangwanaye 7.
- Tsummoki masu tsabta ko tsofaffin safa don naɗi.
- Ƙyallayen atamfa ko wani yadi mai ƙarfi. Ana samun ragowa wajen tela.
- Kwali mai kauri, ko siririn katako.
- Auduga ko guntun soson katifa.
- Igiya mai ƙarfi ko tsagin robar tayar keke.
- Allura, basilla, zare mai ƙarfi, almakashi, guduma, da fensir.

Yadda ake yi

1. A cire takardar jikin gwangwani, a wanke shi da sabulu. A kife shi a rana har ya bushe sarai. Laimar da ta rage ita ce ke kawo tsatsa da wari.

2. A duba bakin da aka yanke. A bubbuga kaifin da guduma har ya kwanta. Wannan aikin manya ne, ba na yara ba. Gwangwanin madara mai murfi, a mayar masa da murfinsa.

3. A cusa takarda ko tsumma a ciki don kada kujera ta riƙa ƙara.

4. A naɗe kowane gwangwani da tsumma ko safa. Kaurin naɗin ya zama ɗaya ga duka.

5. A auna ƙyalle. A zagaya gwangwani da zare bayan naɗi, a ƙara santimita 3 don ɗinki. A auna tsawonsa, a ƙara santimita 6, wato 3 a bisa, 3 a ƙasa.

6. A sa wa gwangwanaye shida na waje riga, a ɗinke gefen. A tsuke bakin bisa da na ƙasa da zare kamar bakin jaka. Na tsakiya ba a ganin sa, tsumma ya ishe shi.

7. A jera su, buɗaɗɗen baki yana duban ƙasa, gindi yana bisa. A juya layin ɗinki ya dubi ciki don ya ɓoye.

8. A ɗaure su na ɗan lokaci da igiya ko roba. Sai a ɗinke su da basilla a duk inda biyu suka haɗu, bisa da ƙasa. A ja zare ƙwarai, sannan a kwance igiyar.

9. A ɗora su a kan kwali, a zana kewayensu da fensir. A yanke kwali biyu bisa wannan zane, ɗaya na bisa, ɗaya na ƙasa.

10. A shimfiɗa auduga ko soso a kan kwalin bisa. A rufe da ƙyalle wanda ya fi kwalin da santimita 5 ta kowane gefe. A ninka bakin ƙyallen ta ƙarƙashi, a tsuke shi da zare.

11. A rufe kwalin ƙasa da yadi mai jure guga, kamar tsohon wandon jins, ko fata.

12. A ɗinke murfin bisa da na ƙasa a jikin rigunan gwangwani da ɗinki ƙanana, kusa da kusa. Mai so ya ƙara maɗauki na ƙyalle a gefe.

Akwai wata hanya mai sauƙi. A bar gwangwanayen ɗaure da roba, a zagaye su duka da doguwar riga guda. Wannan ta fi sauri, amma siffar fure ba za ta fito sosai ba.

Misalin lissafi

Mu ɗauka faɗin gwangwani santimita 10 ne, tsawonsa 15. Kewayensa zai zama 31 da ɗan ƙari. Ƙyallen kowane gwangwani zai zama kamar 35 a kwance, 21 a tsaye. Faɗin kujera kuwa faɗin gwangwani sau uku ne: 10 × 3 = 30. Mai son riga guda ya lissafa faɗin gwangwani sau tara da ɗan ƙari, wato wajen santimita 92, ya daɗa 3 na ɗinki. Naɗin tsumma yana ƙara kauri, don haka kullum a auna da zare kafin a sa almakashi.

A kula

Idan gwangwani ya yanki mutum, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe shi. Idan ya yi zurfi, ko ƙasa ta shiga, a tafi gidan likita ranar nan saboda cutar tetanos, wadda ke sandarar da jiki ta ƙulle haƙora. Akwai allurar rigakafinta.

Kada a taka kujerar don ɗauko abu a bisa, ba tsani ba ce. Kada a bar ta a tsakar gida da damina, domin laima na lalata kwali, ta kawo tsatsa. Kada a ajiye ta kusa da murhu. Idan ta yi dauɗa, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, a shanya. Ba a tsoma ta cikin ruwa.

Ga masu son sayarwa

Wahalar aikin ita ce samun gwangwanaye bakwai iri ɗaya. Gida guda zai daɗe bai tara su ba. Masu shayi, masu tuwon sayarwa da masu gidan abinci suna zubar da su kullum, sai a yi magana da su. Matan da ke ƙungiya ɗaya ko adashi ɗaya suna iya haɗa nasu, su ware su iri iri.

Kafin a yanke farashi, a rubuta kuɗin zare, na soso, na ƙyalle, da na gwangwani idan saye aka yi. A ƙara ladan aikin hannu, sannan riba. Kafin a kai kasuwa, a ajiye kujera a ƙasa mai daidai, a danna ta ta kowane gefe. Idan tana rawa ko ana jin kaifi, a kwance a gyara. Mai saye da ya ji daɗin ta farko, shi ne zai kawo na biyu.