Ina Ungulu Ta Tafi?

'Yan uwana mata, ku tambayi tsofaffi a gida. Da can a mahautar Tambuwal ko kasuwannin ƙasar Kebbe, ungulu ba ta jewar banza, da an yanka dabba sai ga su tuli. Yau fa? Yaro yakan girma bai taɓa ganin ta ba.

To ina ta tafi? Da yawanta ta ƙare a tabarmar 'yan shimfiɗa. An daɗe ana neman kanta da gashinta don maganin farfaɗiya, taɓin hankali da neman sa'a. Da ta yi ƙaranci a nan, fatake suka koma shigo da ita daga Nijar, Chadi da Kamaru. Nijeriya ta yi dokar kare namun daji masu ƙarewa a 1985, amma cinikin bai tsaya ba. A 2015 aka sanya ungulun da muka sani cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Indiya ta ga sakamakon haka. A shekarun 1990 ungulayenta suka kusa ƙarewa, mushe ya taru, karnuka suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Uwargida, mafarauta sukan kashe ungulu da guba, gubar kuwa tana iya zama a jikinta. Kafin ki aiki yaro sayen laƙani, ki tambayi me aka haɗa a ciki. Farfaɗiya tana da magani a asibiti, ki roƙi maigida ya kai mara lafiya.