Daren da Makaɗan Fada Suka Kashe Kyandir

A yau, takardar da ke ɗauke da sa hannun mai tsara kiɗa Joseph Haydn dukiya ce da masu tara kayan tarihi ke rububi a kai. Amma a ranar 1 ga Mayu, 1761, lokacin da ya rattaba hannu kan takardar kama aiki a gidan sarautar Esterházy da ke Eisenstadt, a ƙasar Austiriya ta yau, yana ɗan shekara 29, matsayinsa na baran gida ne.

Sharuɗɗan sun nuna haka ƙarara. Zai sa kayan fada da farar safa. Kullum zai je zaure ya jira, ko Yarima na bukatar kiɗa. Shi zai kula da kayan kiɗa, shi zai sasanta rigimar makaɗa. Duk kiɗan da ya tsara kuwa na ubangidansa ne, ba shi da ikon ba wani.

A 1772 Yarima Nikolaus na gidan Esterházy ya daɗe a fadarsa ta Eszterháza da ke Hungari fiye da yadda ya saba. Makaɗa sun baro matansu a Eisenstadt, tafiyar kusan yini guda, kewar gida ta ishe su. Bara ba ya duban idon ubangidansa ya ce a koma gida, sai suka kai kukansu ga Haydn, wanda suke kira Baba.

Haydn ya isar da saƙon da kiɗa. Ya tsara simfoni (dogon kiɗa na makaɗa da yawa) ta 45, wadda aka fi sani da ta ban kwana. Da aka zo ƙarshenta, sai sauti ya lafa. Wani mai busa ya gama nasa, ya hure kyandir ɗin da ke haska takardarsa, ya ɗauki abin busarsa ya fice. Wani ya bi bayansa. Ɗaki na ƙara duhu, kiɗa na ƙara sirancewa, har aka bar masu goge biyu kacal: Haydn da Luigi Tomasini. Marubuta tarihin Haydn sun ce Yarima ya gane karatun, washegari aka kama hanya.

Sai a 1779 sabuwar yarjejeniya ta ba Haydn damar sayar da ayyukansa. Da Nikolaus ya rasu a 1790, magajinsa ya sallami yawancin makaɗan. Haydn ya isa Landan a 1791, ya sami suna da dukiya, abokan aikinsa da aka sallama kuwa kowa ya tafi neman inda zai ci abinci.

Haydn kan buɗe rubutun kiɗansa da sunan Ubangiji, ya rufe da godiya gare Shi. Duk wanda ya sami ganin irin waɗannan takardu, ya kamata ya tuna da mutanen da suka tashi ɗaya bayan ɗaya a wancan dare. Saboda su da iyalansu aka rubuta wannan kiɗan.