Hasken Taga: Daga Faransa Zuwa Wonaka

A bakin taga aka haifi sana'ar hoto. Wajen 1826, Nicéphore Niépce ya kafa akwatinsa a tagar gidansa a Faransa, ya bar shi yana shan rana sa'o'i masu yawa kafin siffar rufin gine-gine ta zauna. A 1837 Louis Daguerre ya jera 'yan gumaka da tarkacen ɗakin aikinsa inda hasken taga ke sauka, ya ɗauke su. Dole ce ta sa: ɗan'adam ba ya iya ƙamewa tsawon lokacin da ɗaukar hoton ke ci, kaya kuwa ba sa ƙifta ido.

A Najeriya kuwa, da masu hoto suka biyo layin dogo, wanda ya shiga Kano a 1911, ya ratsa Gusau zuwa Ƙaura Namoda a 1929, fuska suka sa gaba. Mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ce kada a motsa. Rediyo da agogo da fulawar roba 'yan rakiya ne kawai, ana ajiye su gefe don a nuna wadata. Jeren amarya, duk da ƙyallin tasoshi da langa-langa, ba kasafai ake ɗaukarsa don kansa ba.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, daga baya ta zo da kyamara da WhatsApp, sai kallo ya koma sama. Matar da ke sayar da turaren wuta ko humra ko dambun nama daga ɗakinta, a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ko Wonaka, hoton kayan shi ne shagonta.

Gwanayen cikin irin waɗannan mata sun gano abin da Daguerre ya sani. Da hantsi sai a kashe ƙwan lantarki, in ma akwai wutar. A shimfiɗa farin mayafi kusa da taga, a ɗora kwalbar humra yadda hasken zai zo mata ta gefe. Idan inuwa ta yi kauri, a jingina farar takarda ɗaya gefen ta maido da hasken. Rana in ta yi zafi, siririn labule ya isa ya tausasa ta. Lokacin hunturu kuwa hazo ne ke yin wannan aiki kyauta.

Uwargida, kafin ki ci bashi ki sayi fitilar hoto, goge idon wayarki ki buɗe taga.