"Wang yang bu lao": Ma'ana da asalin karin maganar Sinawa kan gyara kuskure

A ƙasar Sin akwai wani karin magana mai kalmomi huɗu da yara ke koyo tun a firamare: "wang yang bu lao". Wang na nufin ɓata, yang tunkiya ce, bu shi ne gyara, lao kuma shingen dabbobi. Idan an haɗa: tunkiya ta ɓata, a gyara shinge. Sinawa kan ƙara da cewa lokaci bai ƙure ba.

Asalinsa yana cikin littafin Zhanguo Ce, wanda malami Liu Xiang ya tattara a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafin ya ƙunshi labaran zamanin da manyan masarautu 7 ke yaƙar junansu a ƙasar Sin.

A masarautar Chu, sarki Qingxiang ya bar harkokin mulki, ya tara ƴan fada huɗu suna ta shagali. Wani bafadensa mai suna Zhuang Xin ya faɗa masa gaskiya, cewa in aka ci gaba a haka, babban birninsu Ying zai faɗa hannun abokan gaba. Sarki ya fusata, ya ce tsufa ne ya ruɗa shi. Ka ji fa, alhali mu Hausawa mun san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai Zhuang Xin ya nemi izini ya koma masarautar Zhao.

A shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa, janar Bai Qi na masarautar Qin ya ci birnin Ying, wanda kufansa ke lardin Hubei na yanzu. Sarki ya gudu, ya aika aka ɗauko masa Zhuang Xin, ya tambaye shi mafita. Bafaden ya ce masa wanda ya hangi zomo sannan ya kira karensa bai makara ba, haka ma wanda ya rasa tunkiya ya tashi gyaran shinge. Ya tuna masa cewa ƙasar da ta rage a hannunsa tana da faɗi, sarakunan da sun kafa daula da abin da bai kai haka ba.

To, me ya biyo baya? Sarki ya ji shawara, ya mayar da fadarsa birnin Chen, ya sake tara dakaru, ya ƙwato wasu garuruwa. Birnin Ying dai ya tafi ke nan. Amma masarautar Chu ta ƙara shekaru 55, sai a shekara ta 223 Qin ta gama da ita.

Nan ne ma'anar take. Tunkiyar da ta ɓata ba ta dawowa, gyaran shinge na sauran garke ne. Shi ya sa karin maganar ya bambanta da "ihu bayan hari", wanda ake faɗa wa mai yunƙurin da ba ya da sauran amfani. A yau Sinawa na amfani da shi ga ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya dage da karatu, ko kamfanin da ya sake tsari bayan wani haɗari. Sharaɗin guda ne: mutum ya amince akwai kafa a shingensa, ya toshe ta kafin a sake yi masa ɓarna.